Shataletale a Kan Taswira: Amanar Mai Zane ga Baƙon Hanya

Laccar da aka gabatar a taron bita na matasa masu zana taswira na sa-kai

  



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne yadda ake zana shataletale, da yadda ake gyara wanda wani ya riga ya zana, a taswirar haɗin gwiwa ta intanet da ake kira OpenStreetMap. Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa: duk faɗin ilimin taswira, malam bai ga abin magana ba sai shataletale? To, ku ara mini kunnenku.

Ku ɗauka direba ne ya taso daga ƙauye da mai naƙuda a bayan mota, ya shigo birnin da bai sani ba da ƙarfe biyun dare. Mai shayi ya tashi, ɗan acaba ya koma gida, babu wanda zai tambaya. Wayarsa kaɗai ke magana: "A shataletalen da ke gaba, bi mafita ta biyu." Ya ƙirga, ɗaya, biyu, ya karya kan mota. Ina wayar nan ta samo wannan lissafi, alhali ba ta taɓa taka titin ba? Wani mutum ne ya zauna wata rana gaban kwamfuta ya zana mahaɗar. In ya zana daidai, sun isa asibiti. In ya yi ganganci, sun kama hanyar bayan gari. Duk wanda ya zana shataletale a taswira, kwatance yake yi wa mutumin da ba zai taɓa gani ba, kwatance kuwa amana ce. A kan wannan zan gina duk maganata ta yau.

Ga waɗanda suka zo yau a karon farko, bari in yi ɗan share fage. Wani Baturen Ingila mai suna Steve Coast ne ya fara OpenStreetMap a shekarar 2004, da nufin a samu taswirar duniya wadda kowa zai iya gyarawa, kowa kuma zai iya amfani da ita kyauta. Duniya ta ga amfaninta bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, lokacin da 'yan sa-kai daga ƙasashe da yawa suka zana titunan Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki domin masu aikin ceto. Haka aka sake yi a 2014 da annobar Ebola ta ɓarke a Gini da Saliyo da Laberiya. Manhajojin nuna hanya irin su OsmAnd da Organic Maps daga wannan rumbu suke ɗiba.

Komai a cikin taswirar da abubuwa uku aka gina shi. Akwai ɗigo, wato wuri guda a doron ƙasa. Akwai layi, wato ɗigogi da aka jera aka haɗe. Akwai ƙulli, wato layuka ko ɗigogi da aka ɗaure wuri ɗaya domin su ba da ma'ana guda, kamar hanyar da motar bas take bi. Kowane ɗaya kuma ana rataya masa lakabi da ke faɗin ko mene ne shi. Lakabobin da Turanci aka rubuta su, kuma haka na'ura take gane su, saboda haka zan faɗe su yadda suke. Yanzu ga batutuwana guda shida.

Na farko: ba kowace da'ira ce shataletale ba

Zagayen mota a kan da'ira tsohon abu ne. A 1905 aka tsara zagayen Columbus Circle a birnin New York, a 1907 kuma aka tsara wanda ke kewaye da Arc de Triomphe a Paris, inda manyan tituna 12 suka haɗu. Sai dai a irin waɗannan tsofaffin da'irori mai shigowa ne yake da hanya, na ciki shi ke tsayawa. Me kuke zaton zai faru idan motoci suka yi yawa? Kowa na shiga, babu mai samun fita, sai da'irar ta cika ta kulle kanta. A 1966 Birtaniya ta juya dokar: mai shigowa ya dakata, na ciki ya wuce. Daga nan shataletalen zamani ya samo asali, kuma wani injiniya mai suna Frank Blackmore yana cikin waɗanda suka fi yi masa hidima. Masana titi sun ƙirga cewa mahaɗar tituna huɗu ta gargajiya tana da wurare 32 da hanyoyin motoci za su iya cin karo, shataletale mai layi ɗaya kuwa 8 kawai gare shi.

Wannan tarihi yana da amfani gare mu domin taswira ta raba su gida-gida. Da'irar da na ciki yake da fifiko, ita ake rataya wa junction=roundabout. Da'irar da mai shigowa yake da fifiko, irin ta Paris ɗin nan, lakabinta junction=circular. Akwai kuma ɗan ƙaramin shataletale wanda tsakiyarsa fenti ne kawai ko ɗan tudu mara kaifi, wanda babbar mota za ta iya takawa ta wuce. Shi ba a zana masa da'ira, ɗigo guda ake sawa a rataya masa highway=mini_roundabout.

A nan ne sababbin masu zane suka fi yin tuntuɓe. Suna ganin shataletale ƙarami sai su ce ai wannan na ɗigo ne. Girma ba shi ne ma'auni ba. Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: tirela za ta iya hawa ta kan tsakiyarsa? Idan akwai dakali, ko fulawoyi, ko hasumiya, ko turken fitila, amsar a'a ce, sai ka zana da'ira komai ƙanƙantarta. In ka sa ɗigo, ka gaya wa mai tirela cewa hanya a buɗe take, alhali siminti ne a gabansa.

A wasu unguwanninmu za ka tarar an tara tayoyi ko an kafa ganga a tsakiyar mahaɗa, kowa yana kewayawa. A ra'ayina, in abin ya zauna daram har ya zama tsarin wurin, a zana 'yar da'ira a bar bayani a kanta. In kuwa yau yana nan gobe an ɗauke, a bar mahaɗar a matsayin mahaɗa.

Na biyu: alkiblar layi ita ce alkiblar mota

Kowane layi a taswirar nan yana da kai yana da wutsiya: ɗigon da ka fara sawa da wanda ka ƙare da shi. A titi mai zuwa da dawowa wannan bai dami kowa ba. Amma da zarar ka rataya wa layi junction=roundabout, na'ura za ta ɗauke shi a matsayin wanwe, ta kuma ɗauka motoci suna bin inda layin ya fuskanta. Ba ka buƙatar ƙara oneway=yes, lakabin farko ya ɗauke maka wannan. Ma'ana, yadda hannunka ya kewaya lokacin da kake zane, haka za a kewaya da direba.

To ina ya kamata hannu ya bi? Ya danganta da ƙasa. A ƙasashen da ake tuƙi ta hannun hagu, kamar Birtaniya da Kenya da Afirka ta Kudu, ana kewaya shataletale yadda hannun agogo yake juyawa. A ƙasashen da ake tuƙi ta hannun dama, saɓanin agogo ake bi. Nijeriya ta bar hannun hagu ta koma dama ranar 2 ga Afrilun 1972, Gana ta bi sahu a 1974, Nijar da Kamaru da Cadi su ma dama suke bi. Dattawan da ke wannan ɗaki za su tuna wancan sauyi. Saboda haka a duk waɗannan ƙasashe, shataletale saɓanin agogo yake juyawa.

Na lura maganar agogo tana rikita mutane, musamman yanzu da agogon waya ba shi da hannu. Ga hanya mafi sauƙi. Duk wanda ya je aikin Hajji ko Umara, ko ya kalla a talabijin, ya san mai ɗawafi yana barin Ɗakin Allah a hagunsa. Ba ina kwatanta daraja ba ne, alkibla kawai nake nuna muku. A ƙasashenmu direba yana barin tsibirin shataletale a hagunsa. In ka gama zane, dubi 'yan kibiyoyin da suka fito a kan layin, ka sa kanka a kujerar direba. Tsibiri yana hagunka? To ka yi daidai. In yana damanka, juya layin: a manhajar iD, wadda take buɗewa a cikin burauza, maɓallin V ne, a manhajar JOSM kuma maɓallin R.

Wani zai ce, malam, ai a shataletalen unguwarmu 'yan adaidaita sahu ta kowane ɓangare suke shiga. Na ji. Amma abin da muke zanawa shi ne tsarin da doka da alamun titi suka shimfiɗa. Wanda ya yanke ta hannun da ba nasa ba laifi ya yi, kuma taswira ba za ta koya wa baƙo laifi ba.

Na uku: kowace mashiga da kowace mafita da nata ɗigon

A nan zan ɗan jima, domin nan ne zuciyar aikin. Bari mu zana guda ɗaya tare, a zuci.

Ga hoton tauraron ɗan'adam a gabanka. Tituna huɗu sun haɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, ga tsibiri a tsakiya. Ka fara da da'irar. Kada ka bi bakin tsibiri, kada kuma ka bi bakin kwalta na waje. Tsakiyar inda motoci suke bi za ka ɗora layinka, inda tayoyi suka fi baƙanta kwalta. Ka sa ɗigogi takwas ko goma kana kewayawa, ka dawo ka rufe a kan na farko. Za ka ga ta fito da kusurwoyi kamar ɓawon gyaɗa. Zaɓe ta ka latsa maɓallin O, a iD ko a JOSM, sai ta zagaye sumul. Amma ka kula: in shataletalen a ƙasa mai siffar ƙwai ne, bar shi da siffarsa. Kyan gani ba ya gaban gaskiya.

Yanzu titunan. Kowane titi sai ya tsaya a jikin da'ira, ya manne da ita a kan ɗigo na tarayya. Idan tsohon layin titi ya ratsa ta tsakiyar tsibiri, yanke shi ka cire guntun da ke ciki, in ba haka ba na'ura za ta tura direba ya miƙe ta kan dakali. Idan kuma layin ya zo dab da da'ira bai manne ba, ko da tazarar ba ta kai taku ɗaya ba, a wurin na'ura babu hanya. Ido zai ga sun haɗu, lissafi zai ce katanga ce, sai a zagaya da mutum kilomita uku.

Sai ƙa'idar da aka fi karyawa: kada tituna biyu su shiga da'ira ta ɗigo ɗaya. Me ya sa? Domin in mashigar kudu da mafitar gabas suka zauna a kan ɗigo guda, na'ura za ta tsallaka daga wannan zuwa wancan ba tare da ta taka da'irar ba. Ba za ta ma ambaci shataletale ba, sai dai ta ce "yi dama". Ka raba su, ko da ɗan guntun layi ne a tsakaninsu.

Yawancin manyan shataletale suna da ɗan tsibiri mai kusurwa uku a bakin kowane titi, wanda yake raba masu shiga da masu fita. Inda akwai shi, titin zai rabu biyu kamar gwafa kafin ya isa da'ira. Reshe ɗaya na shiga, ɗaya na fita, kuma kowanne sai an rataya masa oneway=yes da kibiyarsa tana kallon inda ya dace.

Akwai wani ɗalibi da muka taɓa zama da shi a kan shataletalen kusa da gidansu. Ya zana shi da kyau, da'ira sumul, gwafa huɗu cif. Bayan 'yan kwanaki muka gwada neman hanya daga kudu zuwa arewa, sai na'ura ta ce mafita ta uku. Ya ce, "Malam, wallahi ta biyu ce, kullum ta nan nake bi zuwa makaranta." Muka koma muna latsa rassan ɗaya bayan ɗaya. A gwafar gabas muka samo matsalar: reshen shiga ba shi da lakabin wanwe, saboda haka na'ura ta ƙirga shi a cikin mafitai. Lakabi guda ya rataya, lissafi ya koma daidai. Ya yi shiru yana kallon allo, can ya ce, "Ashe da baƙo ne da na ɓatar da shi." Wannan kalma tasa ita ce darasin.

Na huɗu: daraja da suna

Da'ira ita ma titi ce, don haka tana buƙatar lakabin highway da ke nuna darajarta: trunk, primary, secondary, tertiary, har zuwa residential na cikin unguwa. Wace daraja za ka ba ta idan babban titi da ƙarami suka haɗu? Ta titi mafi girma da ya shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan. In ka ba ta darajar ƙaramin, ka gutsure babban titi a tsakiya. Wanda ya janye taswira baya domin ya ga manyan hanyoyi kaɗai zai tarar da giɓi, na'ura kuma tana iya kauce wa wurin.

Suna kuwa, ƙa'idarsa gajera ce: kada ka ɗora wa da'ira sunan titin da ya ratsa ta. In shataletalen yana da sunan kansa, rubuta shi. In ba shi da shi, bar gurbin a wofi.

A nan nake so ku ɗaga kai, domin nan ne babu wanda zai yi mana aikin. Mutanenmu da shataletale suke kwatance. A Kano a ce maka Dangi ko Hotoro, a Abuja a ce Berger ko AYA, a Yamai a ce Rond-point Maourey ko Rond-point Justice, a Akra a ce Circle, kowa ya gane. Mai zane da ke zaune a Jamus zai iya ganin da'irar a hoto ya zana ta fes, Allah Ya saka masa, amma hoto ba ya faɗin suna. Sai da ɗan gari akan ci gari. Taswirar ta tanadi gurabe: name domin sunan da aka fi sani a wurin, name:ha domin sunan Hausa, alt_name domin wani sunan da ake kira, old_name domin tsohon suna. Sau nawa gwamnati ta raɗa wa wuri suna, kwandasta yana kiran wani daban? A rubuta duka biyun, kowanne a gurbinsa, domin matafiyi ya samu wurin da duk sunan da ya ji a tasha.

Abin da ke tsakiyar tsibiri, ciyawa ce ko hasumiya ko wani gini na tarihi, ana iya zana shi daban. Sharaɗi ɗaya: kada ɗigoginsa su manne da na titi.

Na biyar: hoton sama yana tsufa, yana kuma gocewa

Hotunan da muke zane a kansu, irin na Bing da na Esri, kamfanonin ne suka ba da izinin a yi amfani da su. Ni'ima ce babba, amma tana da aibi biyu.

Na ɗaya, hoton yakan goce daga ainihin wurin da 'yan mitoci. Sai ka buɗe ka ga duk titunan unguwa sun kauce wa kwalta zuwa gefe guda. Kafin ka kama jan shataletale zuwa kan hoto, tsaya. In komai ya kauce da tazara iri ɗaya kuma ta fuska ɗaya, mai yiwuwa hoton ne ya goce. Kunna sawun GPS da mutane suka ɗora, ka gwada hoto na biyu, ka daidaita hoton da sawun, sannan ka taɓa layi.

Na biyu, hoton ba na yau ba ne. Yana iya zama na shekara biyu ko uku da suka wuce, garuruwanmu kuwa ba sa tsayawa. Shataletalen Dangi a Kano yanzu gadar sama ce da ta ƙasa. Haka na Hotoro. Kwame Nkrumah Circle a Akra ya koma gadoji, ko da yake sunan Circle bai bar bakin mutane ba. Ku yi tunanin ɗan gari ya wahala ya zana sabuwar gada da layukanta hawa-hawa, sai wani daga nesa ya buɗe tsohon hoto, ya ga da'ira, ya goge gadar ya maido da shataletale, yana ganin ya yi gyara. Maganin wannan shi ne ka bar bayani a jikin layin da lakabin note, ka ce hoton ya tsufa, an gina gada, na gani da idona. A wannan aiki abin da ke ƙasa shi ne hujja. Gani ya kori ji, ya kuma kori tsohon hoto.

Sai gargaɗi guda da ba ni da sassauci a kansa: kada wanda ya kwafo daga Google Maps ko wata taswira mai haƙƙin mallaka, ko siffa ko suna. Tun 2012 bayanan OpenStreetMap suna ƙarƙashin lasisin ODbL, wanda ya ba kowa damar ɗiba. Wannan dama tana tsaye ne a kan cewa abin da ke ciki halal ne. In aka gano kayan wani, za a cire su, tare da duk aikin da aka ɗora a kansu.

Na shida: ladabin gyara aikin wani

Yawancin shataletalen da za ku taɓa, wani ya riga ku zana su. Yaya za ka shiga gonar da wani ya fara nomawa?

Da farko, gyara, kada ka goge. Kowane layi yana ɗauke da tarihinsa: wa ya zana, yaushe, me ya canza. In ka goge ka sake sabo, ka binne wannan tarihi. Abin da ya fi haka muni, layin yana iya kasancewa cikin ƙulli. Babbar hanya irin A2, wadda ta ratsa Kaduna da Zariya da Kano, guntaye ne masu yawa da akan ɗaure wuri ɗaya. Haka hanyoyin bas, haka dokokin hana juyawa. Ka goge guntu ɗaya, ka tsinke tsintsiya. Garin gyaran gira sai a rasa ido.

Wannan ne ya sa wani lokaci za ka tarar da da'ira a yanke gida huɗu ko shida. Ba lalacewa ta yi ba. Wani ne ya yanka ta domin ya nuna ɓangaren da bas take bi. Masu taswira sun daɗe suna muhawara a kan wannan: wasu na ganin a bar da'ira ɗungurungum, wasu na ganin a yanka domin hanyar bas ta fito daidai. Ni abin da nake bi shi ne, wadda na tarar a yanke ba na haɗe ta, wadda na tarar ɗungurungum ba na yanka ta sai da dalili. In an yanka, kowane guntu sai ya riƙe junction=roundabout da alkibla iri ɗaya.

Na biyu, tambaya kafin hukunci. A garin Swindon na Ingila akwai wata mahaɗa da aka buɗe a 1972, ana kiranta Magic Roundabout: ƙananan shataletale biyar kewaye da da'ira ta tsakiya, kuma a ta tsakiyar motoci suna juyawa saɓanin agogo, akasin abin da aka saba a ƙasar. Wanda bai san wurin ba zai rantse kuskure ne ya juya kibiya. Akwai manhajojin bincike irin su Osmose da ke nuna shataletalen da ake zargin an zana a juye, suna da amfani ƙwarai, amma zargi suke yi, mutum ne alƙali. In abu ya ɗaure maka kai, duba tarihinsa, ka rubuta wa wanda ya zana a ƙarƙashin gyaransa. Ka fara da sallama da godiya, ka faɗi abin da ka gani, ka tambaye shi abin da ya sani. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, in za ka adana aikinka, rubuta bayani mai ma'ana. "Gyara" ba bayani ba ne. Ka ce: na juya alkiblar shataletale kaza, na raba mashigar kudu da mafitar gabas, na dogara da ziyarar da na kai wurin. Wanda zai zo bayanka zai yi maka addu'a. In kuma kai aka yi wa gyara, karɓa da hannu biyu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kammalawa

Jama'a, ga roƙona. Kowannenku akwai shataletalen da yake bi kusan kullum. A cikin makon nan je ka tsaya a gefensa minti goma, nesa da bakin kwalta. Ƙirga mashigai da mafitai. Dubi tsakiyarsa. Tambayi mai faci ko mai sayar da katin waya da ke wurin yadda ake kiransa. Sannan ka koma ka buɗe taswira ka yi mata tambayoyi biyar. Lakabin ya dace da irinsa? Tsibiri yana hagun direba? Kowane titi ya manne da ɗigonsa shi kaɗai? Darajarsa da sunansa daidai ne? Abin da ke allo shi ne abin da ke ƙasa yau? In ka samu kuskure, gyara cikin natsuwa. In ka samu komai daidai, aika wa wanda ya zana kalmar godiya.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa nuna wa mutum hanya a cikin ayyukan sadaka. Direban da na ambata a farko ba zai san sunanka ba, mai naƙudar ma haka. Amma za su isa asibiti, kuma Wanda ba Ya mantuwa Ya san hannun da ya zana musu hanya.

 Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure a gyara mini. Yanzu fili naku ne: mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, in kuma akwai wanda ya zo da kwamfutarsa, ya matso mu buɗe shataletalen garinsu mu duba tare.